Daga aji zuwa karkara: yadda ɗaliban injiniya ke kallon ayyukan taimakon jama'a a Maraɗi

A ƙarshen kowace shekarar karatu, ɗaliban fannonin fasaha na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi (UDDM) kan tsaya gaban malamansu su kare aikin da suka yi na kammala karatu. Wani ya zana tsarin kai ruwa wani ƙauye, wani ya lissafa yawan farantan hasken rana da ɗakin shan magani ke buƙata, wani kuma ya ƙera na'urar sarrafa amfanin gona. Idan an ba da sakamako, iyaye su yi murna, a ɗauki hotuna, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika bin diddiginsa ba shi ne makomar aikin: ya kai ga mutanen da aka yi shi dominsu, ko ya tsaya cikin kabad ɗin ofis?

Wannan tambaya ce ake tafka muhawara a kanta a makarantun injiniya na duniya sama da shekara 20. A Maraɗi kuwa ba sai an je nesa neman misali ba. Tibiri da Jiratawa, da ke ƴan kilomitoci daga birnin, sun isa su nuna abin da aikin injiniya ke iya gyarawa da abin da yake iya ɓatawa.

Mene ne aikin injiniya na taimakon jama'a?

Aiki ne da ake ba ɗalibi ya nemo wa wata al'umma mai ƙaramin ƙarfi mafita kan wata matsala ta zahiri: ruwan sha, makewayi, wutar lantarki, ajiyar abinci, matsuguni bayan ambaliya. Bambancinsa da darasin aji shi ne, a aji malami ne ke ba da alƙaluma kuma amsar guda ce. A karkara ɗalibi ne zai nemo alƙaluman da kansa, kuɗin kaɗan ne, kayan gyara ba lalle a same su ba, kuma masu amfani da abin suna da nasu ra'ayi.

Tsarin ya daɗe a ƙasashen waje. A Faransa, ɗaliban makarantar injiniyoyin hanyoyi da gadoji ta birnin Paris ne suka kafa ƙungiyar Ingénieurs sans frontières, wato Injiniyoyi Marasa Iyaka, a 1982. A Kanada an kafa irinta a 2000, a Amurka kuma a 2002 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Bernard Amadei na jami'ar Kolorado. A Ostireliya, tun 2007 ɗaliban shekarar farko na jami'o'i da dama ke yin wata gasa inda ake ba su matsalar wata al'umma su zana mata mafita, kuma ana lissafa aikin cikin makin da suke samu.

A nan gida, makarantun ƙanana ne a shekaru. Cibiyar koyar da fasaha ta IUT ta Maraɗi ta buɗe a 2008, lokaci guda da takwarorinta na Tawa da Damagaram, kuma a 2010 ta zama tushen cikakkiyar jami'a. Daga baya aka sa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyya ɗan asalin Maraɗi da ya riƙe muƙamin ministan ilimi, ya kuma shugabanci hukumar ACCT ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974. Ana koyar da fannin gine-gine, da lantarki, da kanikanci, ga kuma tsangayar noma da muhalli. Ban da jami'ar, akwai makarantar sakandaren fasaha ta Ɗan Kasawa a cikin birnin, sannan a Yamai akwai EMIG.

Abin da ɗalibai ke gani a ciki

Binciken da ya fi tayar da ƙura kan wannan batu shi ne na Erin Cech, wata masaniyar zamantakewa a Amurka, wanda aka wallafa a 2014. Ta bi sawun ɗaliban injiniya sama da 300 a manyan makarantu huɗu, tun daga shigarsu har bayan sun fita. Ta gano cewa damuwarsu da jin daɗin jama'a raguwa take yi yayin da karatun ke nisa. Ɗalibi kan shigo da burin taimakon mutane, ya fita yana ganin lissafi da ƙarfe ne kawai aikinsa, sauran kuma na ƴan siyasa ne. Masu goyon bayan ayyukan taimakon jama'a na cewa wannan giɓin ne suke son cikewa.

Ɗalibin Maraɗi ba daidai yake da na Amurka ko Faransa ba. Wancan yakan hau jirgi ya zo Afirka na mako biyu ko uku, ya ga talauci karon farko a rayuwarsa, ya koma gida. Wannan kuwa ƙauyen da za a yi wa aikin na iya zama ƙauyen kakarsa. Yana jin Hausa, ya san yadda ake gaida mai gari, ya san wace ce ke ɗebo ruwa da asuba. Idan aikin ya lalace, zai ci gaba da haɗuwa da mutanen a kasuwa da wurin suna. Wannan kusanci riba ce, kuma nauyi ne.

Ana iya raba yadda ɗalibai ke kallon lamarin gida uku. Akwai masu ganin cewa nan ne karatu ke zama gaskiya, domin wanda ya lissafa ƙarfin famfo a takarda bai san abin da ya sani ba sai ya ga ruwa ya ƙi hawa tanki. Akwai masu kallonsa a matsayin tsani zuwa aiki, kuma ba su yi kuskure ba: a jahar Maraɗi ƙungiyoyin agaji da manyan ayyukan raya karkara na cikin masu ɗaukar ma'aikata, musamman tun bayan matsalar ƙarancin abinci ta 2005 da kuma zuwan dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji tun 2019. Sai kashi na uku, masu ɗari-ɗari. Su a ganinsu ƙaramin aiki ne da bai kai darajar gina gada ko aiki a matatar man SORAZ ba, kuma yana cin kuɗin mota da na kayan gwaji waɗanda galibi daga aljihun ɗalibi ko na iyayensa suke fita.

Kowane ɓangare na da hujjarsa. Amma dukkansu sun dogara ne kan abu ɗaya: yadda aka tsara aikin. Misalai huɗu na yankin sun bayyana abin da ya kamata ɗalibi ya fita da shi.

Tibiri: ruwan da ba a auna ba

A tsakiyar shekarun 1980, hukumar ruwa ta ƙasa ta haɗa garin Tibirin Gobir da ruwan famfo daga wata rijiya mai zurfi. Ci gaba ne da kowa ya yi marhabin da shi. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗanɗano. Sai dai yana ɗauke da sinadarin fuluwor da ya ninka har sau uku zuwa huɗu abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade, wato miligiram 1.5 a kowace lita. Ba wani ne ya zuba shi ba, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa cikin ruwan.

Fuluwor kaɗan yana ƙarfafa haƙori. Idan ya yi yawa kuma aka daɗe ana sha, sai ya taru a haƙori da ƙashi, musamman na yara masu tasowa. Haƙora su yi ja su rube, ƙafafu su lanƙwashe, gaɓoɓi su sandare. Shekaru kusan 15 ana shan ruwan kafin a daina, kuma ɗaruruwan yaran Tibiri sun nakasa har abada. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta ɗauki maganar, sannan a 2002 ƙungiyar FIDH ta duniya ta fitar da rahoto a kai.

Ta fuskar gini, aikin bai gaza ba: an haƙa, an sa bututu, ruwa ya zo. Abin da ya ɓace shi ne awon ruwan a ɗakin gwaji da maimaita awon lokaci zuwa lokaci, da kuma sauraron iyaye da ma'aikatan lafiya tun da alamun farko suka bayyana. Ga ɗalibin da aka ba aikin ruwan sha a yau, darasin Tibiri shi ne kyakkyawar niyya ba ta tace ruwa. Akwai hanyoyin rage fuluwor da ɗalibi zai iya gwadawa da kuɗi kaɗan, kamar tacewa da gawayin ƙashi ko gauraya ruwan da na wata rijiya mai ƙarancin sinadarin. Amma duk sai an fara da awo.

Jiratawa: wa zai biya, wa zai gyara?

Kudu da Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa, akwai filin noman rani na Jiratawa mai faɗin kimanin hekta 500, wanda aka gina a farkon shekarun 1980 cikin kwarin Gulbin Maraɗi. Hukumar ONAHA, da aka kafa a 1978, ita ke kula da ɓangaren fasaha tare da ƙungiyar manoman wurin. Ruwan ban-ruwa daga rijiyoyi ake janyo shi da injunan lantarki, ya bi magudanai zuwa gonaki. Zogalen da ake ci a Maraɗi har ma da Yamai, da yawa daga wannan yanki yake fitowa.

Filin ya haura shekara 40 yana ciyar da iyalai, abin da ba kowane aiki ke samu ba. Ya kuma nuna inda wahalar take. Inji na tsufa, magudanai na tsagewa, takardar kuɗin wuta na zuwa kowane wata ko an sayar da amfani ko ba a sayar ba. Ruwan gulbin kansa ya dogara da abin da ke faruwa a ƙetaren iyaka, tun da aka gina madatsar Jibiya a jahar Katsina. Haka ma wutar: layin da ke ba Maraɗi da Damagaram lantarki daga Katsina yake zuwa ta Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agustan 2023.

Shi ya sa ɗalibai da yawa ke karkata ga famfo mai aiki da hasken rana. Tunani ne mai kyau, kuma yana da asali a wannan jaha: Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun ƙarshen shekarun 1960, lokacin da ƙasashe kaɗan ne suka ɗauki abin da muhimmanci. Sai dai lissafin faranti nawa da inji mai ƙarfin nawa shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuyar shi ne sauran tambayoyin. Wa zai goge ƙurar hunturu daga farantan? Idan na'urar juya wuta ta ƙone, a Maraɗi za a samu wata ko sai an aika Kano? Tunda rana ba ta kawo takardar biya, ta yaya za a shawo kan manoma su ci gaba da zuba kuɗi cikin asusun gyara? Idan ruwa ya yi arha kowa ya ƙara ja, ina makomar ruwan ƙarƙashin ƙasa?

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Wata ƙididdiga da cibiyar RWSN mai kula da ruwan karkara ta fitar a 2009 ta nuna kusan kashi 36 cikin 100 na famfunan tuƙa-tuƙa a ƙasashe 20 na Afirka kudu da Sahara ba sa aiki. A 2006 gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi sun yi alƙawarin sama da dala miliyan 16 ga PlayPump, wani famfo mai kama da lilon yara da aka ce wasan yara zai riƙa jan ruwa. Bayan ƴan shekaru aka tarar a ƙauyukan Mozambik mata ne ke tura lilon da hannu, kuma idan ya lalace ba mai gyara. Ƙungiyar Injiniyoyi Marasa Iyaka ta Kanada ta ɗauki darasi daga irin waɗannan abubuwa har ta fara wallafa rahoton ayyukanta da suka gaza tun 2008, domin na baya su koya.

Buhun wake da kututturen gona

Yankin Maraɗi na da misalan nasara da ake koyarwa a jami'o'in duniya. Na farko shi ne buhun PICS na ajiye wake. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, su suka ɓullo da dabarar tare da abokan aikinsu na Afirka, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Baoua, masanin ƙwari da ya yi aiki a cibiyar INRAN ta Maraɗi. Buhu ne mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowane riɓi da kyau, ƙwarin da ke cikin waken su shanye ƴar iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu. Ba a zuba magani ko kaɗan. Daga 2007 aka bi ƙauyuka ana gwadawa a bainar jama'a: a ɗaure buhu gaban kowa, a dawo bayan watanni a kwance gaban kowa. Aka kuma jawo masana'antu da ƴan kasuwa ciki domin manomi ya samu buhun a kasuwar yankinsa ko bayan aikin ya ƙare.

Na biyu shi ne sassaben zamani. A farkon shekarun 1980 an kashe kuɗi masu yawa wajen dasa itatuwa a yankin, akasarinsu suka mutu. A 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara rassa ne na kututture masu rai da saiwoyinsu ke nan a ƙasa. Idan aka bar ƴan rassa masu ƙarfi aka kula da su, itace zai tashi. Manoma suka karɓi dabarar suka gyara ta yadda ta dace da gonakinsu, kuma an ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a jahohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan biyu da ke da na'ura mai ban mamaki. Abin da ya haɗa su shi ne arha, da sauƙin koyo, da cewa mai amfani da abin ya gani da idonsa kafin ya yarda. Ɗalibin da ke jin cewa aikin karkara bai kai matsayinsa ba zai amfana da sanin cewa shekaru aka yi ana gwaji kafin a tsayar da kaurin ledar buhun PICS.

Abin da zai sa ɗalibai su ɗauke shi da muhimmanci

Ɗalibi yana bin abin da ake ba maki. Idan kwamitin malamai kyan zane da daidaiton lissafi kawai yake dubawa, ba wanda zai ɓata kwana uku a ƙauye yana tambayar mata ƙarfe nawa suke zuwa rijiya. Idan kuwa aka ware maki ga awon ruwa, da lissafin kuɗin gyara na shekara biyar, da shaidar cewa an zauna da masu amfani da aikin, halin ɗalibai zai sauya ba tare da wa'azi ba.

Na biyu shi ne lokaci. Zaman koyon aiki na wata biyu ko uku bai isa a ga ko abu zai ɗore ba. Mafita ita ce makaranta ta ƙulla yarjejeniya mai tsawo da wata ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma, kowane rukunin ɗalibai ya fara da duba abin da na gabansa ya bari: me ke aiki, me ya lalace, don me. Tibiri da Jiratawa na kusa da jami'ar ta yadda ɗalibi zai je da safe ya dawo da yamma.

Na uku shi ne haɗa fannoni. A harabar UDDM akwai masu karatun gini, da lantarki, da noma, da kiwon lafiya. Matsalar Tibiri ta ruwa ce kuma ta likita ce. Ta Jiratawa ta lantarki ce, ta noma ce, ta lissafin kuɗi ce. Ya kamata a sa maƙera da masu walda da masu gyaran injin ban-ruwa na cikin gari a wannan tafiya, domin su ne za su riƙe abin idan ɗalibi ya karɓi takardarsa ya tafi.

Na huɗu shi ne iyaka. Ɗalibi mai koyo ne, kuma talaka ba abin gwaji ba ne. Duk aikin da ya shafi ruwan sha ko ginin da mutane za su kwana ciki, dole ƙwararren injiniya ya duba ya sa hannu, hukumomin ruwa da na lafiya kuma su sani.

Buƙatar ba ta raguwa. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tayar da tsohon garin Maraɗi daga kwari aka maido shi kan tudu, kuma a daminar 2024 ruwa ya sake rushe gidaje masu yawa tare da hallaka mutane a birnin da kewayensa. Magudanan ruwa, da gidajen ƙasa masu jure damina, da rijiyoyin da aka auna ruwansu, duk ayyuka ne da ke jiran injiniyoyi. Waɗanda za su yi su nan da shekara goma suna zaune a azuzuwan IUT da na Ɗan Kasawa a yanzu, kuma abin da aka koya masu su riƙa tambaya kafin su fara haƙa shi ne zai nuna irin aikin da za su bar wa jama'a.